Ruwan dutse daga Adar zuwa Tafadek: me ke cikin ruwan da muke zuwa nema?

Abu biyu mutanenmu ke haɗawa wuri ɗaya idan aka taso da zancen ruwan da ke fitowa daga dutse. Akwai Pamukkale, farin tsaunin nan na Turkiyya da hotunansa ke yawo a wayoyin matasa a kowace fadar shayi ta Yamai da Tawa, mai hawa-hawa, kowane hawa da gurbin ruwa shuɗi garau, mutane na takawa ba takalmi. Akwai kuma Tafadek, marmaron ruwan zafi da ke cikin duwatsun Abzin arewa da Agadas, inda masu ciwon gwiwa da masu ƙaiƙayin fata ke niƙa gari su je su yi kwanaki suna shiga ruwa, su komo da bido cike a bayan mota. Duka biyun ana ɗaukarsu ruwan magani. Alhali hanyar da kowanne ya bi a ƙarƙashin ƙasa daban ce, kuma abin da ya ɗauko ya dogara ne ga dutsen da ya ratso. Ina cikin masu son mutanenmu su riƙa fita suna ganin waɗannan wurare, don ni'ima ce da Allah ya ajiye mana a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Amma shiga ruwan wanka abu ɗaya ne, ɗura shi a ciki wani abu ne, kuma a nan ne muke yin sakaci.

Mu fara da gida. Duk wanda ya bi gudron Ƙonni zuwa Tawa, ko ya ratse ya nufi Keita da Buza, ya san siffar tuddan Adar: samansu shimfiɗe, jar marmara da baƙar tsakuwa sun rufe shi, gefensu ya zube zuwa kwari. A tsaya inda ƙorama ta yanke tudu, za a ga ƙasar jere take, wannan bisa wannan. Ƙarƙashin jan saman akwai wata ɗamara fara mai ratsin rawaya, ita ce dutsen farar ƙasa. A ɗauki ɓalli ɗaya a juya shi a tafin hannu. Sau da yawa za a ga shatar ƙumba a jikinsa, ko a tsinci wani ɗan dunƙule mai zanen fure mai kunne biyar a bayansa, irin waɗanda yara masu kiwo ke tarawa a aljihu. A kankare garinsa kaɗan da wuƙa a ɗiga masa lemun tsami, sai a ga ƴar kumfa na tasowa. Waɗannan ɓawon halittun teku ne. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa tsakanin shekaru miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, wani reshen teku marar zurfi ya sha shigowa yana ratsa inda Sahara take a yau, ya rufe wurin da Tawa da Sakkwato ke zaune. Dutsen farar ƙasar Adar ya kwanta a gindin wannan ruwa wajen shekaru miliyan 60 baya. Shi ake haƙa a Malbaza tun shekarun 1960 ana yin siminti, irinsa kuma ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato.

Kumfar nan da lemun tsami ya tayar ita ce mabuɗin zancen gaba ɗaya. Dutsen farar ƙasa ba ya jure tsami. Ruwan sama kuwa, tun yana saukowa yake kwasar iskar kabon daga sararin sama, idan ya nutse cikin ƙasa ya ƙara kwasar wadda saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa, sai ya ɗauki ɗan tsami wanda harshe ba ya ji. Da wannan ɗan tsami yake lasar dutsen sannu a hankali, yana buɗe tsaga, yana tafiya da narkakken kalsiyam, wato sinadarin da ke cikin farar ƙasar. Muddin ruwan na cikin ƙasa a matse, iskar na nan cikinsa, kalsiyam ɗin ma na nan a narke. Da zarar ya fito fili iskar ta samu hanyar tsira, sai ruwan ya kasa riƙe kayan da ya ɗauko, ya fara sauke su a kan duk abin da ya taɓa: tsakuwa, ganye, reshen da ya faɗo. Duk mai dafa shayi da ruwan wasu rijiyoyin Adar ya san farin ɓawon da ke manne wa gindin buta bayan ƴan watanni. To shi ne dai, sai dai a can Turkiyya tsauni guda ne butar, shekaru dubbai kuma ake dahuwar.

Abin da ke sa ya yi hawa-hawa shi ne, inda ruwa ya ci karo da ɗan tudu ya yi siriri ya zubo da sauri, nan iskar ta fi fita, nan kuma farin dutsen ya fi taruwa. Sai bakin ya riƙa tashi yana zama ƴar katanga, ruwa ya taru a bayanta, ya cika ya zubo, ya gina wata a ƙasa. Shuɗin da ke ɗaukar ido kuwa daga farin gindin gurbin yake da ƙananan ƙwayoyin farar ƙasa da ke yawo a ruwan suna watsa hasken rana. A ɗebo shi a kwalba, ba za a ga shuɗi ba.

Wancan wuri na Turkiyya, Pamukkale, yana lardin Denizli, bisa wani gangare mai tsayin kusan mita 200, ruwansa na fitowa da ɗumin da ya kai wajen digiri 35. A samansa akwai kangon tsohon birnin Hiyerapolis, inda mutane ke zuwa jinya tun zamanin Rumawa, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa su duka biyu cikin kayan tarihin duniya a 1988. Ba sai an ƙetare teku ba ma: a maƙwabciyarmu Aljeriya, kusa da Gelma, akwai Hammam Dabag, inda ruwa ke fitowa da zafin da ya haura digiri 90, har ana dafa ƙwai a ciki, ya gina farin bango mai ratsin ja yana kwararowa a kansa.

To tunda Adar na da dutsen, ina gurabenta? Dutse kaɗai ba ya isa. Ana bukatar ruwa mai yawa da ke gudu rani da damina, mai ɗauke da iskar kabon fiye da kima, wanda galibi daga zurfin ƙasa yake tasowa ta wata babbar tsaga. Tawa kuwa ruwan saman da take samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, cikin wata uku, kuma mafi yawansa gudu yake a kan marmara ya faɗa ƙorama kafin ƙasa ta sha. Ɗan abin da ya nutse yakan bi tsagogin farar ƙasar har ya iske shimfiɗar laka da ke ƙarƙashinta, wadda ba ta barin ruwa ya wuce. Sai ya bi gefe ya tsattsafo a gindin tudu. Shi ya sa bayan damina za a ga wani wuri a jikin gangare ya yi kore shar alhali kewayensa ya bushe, da ɗan gurbi da awaki ke sha, wanda sau da yawa kafin bazara ya ƙafe. Can wajen Sakkwato, inda ruwan sama ya fi yawa, irin wannan tsattsafi daga dutsen Kalambaina ne ke taimaka wa tabkin Kware.

Wannan ne ya sa nake ganin aikin raya kwarin Keita, wanda aka soma a 1984 da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aikin marmaro ne ko da ba a kira shi haka ba. Matan Adar da suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a gangare, da ramukan dashen itatuwa, da ƙananan madatsan da aka gina a bakin ƙoramu, duk manufarsu ɗaya: a tsayar da ruwa ya daɗe a kan tudu har ƙasa ta sha. Ruwan da ya nutse a watan Agusta shi manomin albasa ke jawowa daga rijiyar fadama a watan Janairu. Inda aka sare itatuwan aka bar jerin duwatsun ya watse, idon ruwan da ke ƙasa ne farkon mai ji a jikinsa.

Abzin wata duniya ce. Mafi yawan duwatsunta ba teku ya kwantar da su ba, narkakken dutse ne ya daskare, irin giranit, ga kuma burbushin tsofaffin duwatsu masu aman wuta. Can ne ƙololuwar Nijar take, a tsaunin Bagzan, mita 2,022. Irin wannan dutse ruwa ba ya cinsa da sauƙi, sai dai ya bi tsaga ya yi ƙasa sosai. Ƙasa kuwa, duk kilomita ɗaya da aka nutsa zafinta na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Mutanen jihar Tawa sun san wannan ba tare da littafi ba, domin rijiyoyin burtsatse masu zurfin ɗaruruwan mitoci da ɗumi ruwansu ke fitowa. Idan ruwan da ya kai zurfi ya sami tsagar da za ta maido shi sama da sauri kafin ya huce, shi ne marmaron zafi irin na Tafadek. Timiya kuma, mai gonakin lemu da rumman, abin da ake zuwa gani a can ruwan sama ne da ke zubowa daga kan dutse ya taru a gurbi mai sanyi. Wurare biyu a tsauni ɗaya, ruwansu ba dangin juna ba ne.

Shin yana magani? Ba na cikin masu yi wa tsofaffinmu dariya a kan wannan. Ruwan zafi na sassauta jijiya, yana buɗe hanyoyin jini, kuma idan mutum ya nutse zuwa ƙirji nauyin jikinsa na sauka daga kan gwiwa da ƙugu. Mai sanyin ƙashi da ya yi mako yana shiga safe da yamma, ya bar surfe da ɗibar ruwa da noma, ya yi barci isasshe, dole ya ji sauƙi, kuma sauƙin na gaskiya ne. Ruwan da ke da farar wuta yakan lafar da wasu cututtukan fata. Likitocin Faransa har yau suna tura masu ciwon gaɓoɓi irin waɗannan wurare. Amma sauƙi ne na wani lokaci, ba ya maido gurunguntsin da ya cinye, ba ya kuma warkar da ciwon suga ko hawan jini. Hasali ma zafin kan saukar da jini farat ɗaya, mutum ya miƙe ya ji jiri ya faɗi a kan dutse. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu bai kamata su daɗe a ciki ba, kowa ma gara ya shiga kaɗan-kaɗan ya fito ya huta.

Abin da ya fi damuna shi ne irin hirar da ake yi a gidaje da yawa bayan an komo. Ɗa ya ga kwalin maganin tansiyon uwarsa bai ragu ba.

"Inna, ba ki shan ƙwayar da majo ya rubuta miki?"

"Ɗan nan, ai na sha ruwan dutse, jikina sakayau. Ga sauran can cikin bido, kowace safiya moɗa guda."

Jikinta sakayau ne, ba ƙarya ta yi ba. Hawan jini dai ba ya sallama kafin ya kayar da mutum, kuma abin da ke cikin bidon babu wanda ya auna shi.

Mu ƴan Nijar bai kamata a tuna mana haɗarin ruwan da ba a auna ba, domin mun ga Tibirin Gobir. A tsakiyar shekarun 1980 aka soma bai wa garin ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa ne garau, ba wari, ba ɗanɗanon komai. Sai da aka shekara fiye da goma kafin a gane cewa sinadarin fulorayid da ke cikinsa ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, wato miligiram 1.5 a kowace lita, sau uku ko fiye. Kafin nan dubban yara sun taso da haƙora masu tsatsa, da yawa ƙafafunsu sun lanƙwashe, kuma ƙashin da ya lanƙwashe a ƙuruciya ba ya miƙewa don an sauya rijiya. Ba wanda ya zuba guba a ruwan, dutsen da ya kwana a ciki ne ya ba shi. Tafasawa ba ta fitar da fulorayid, sai ma ta ƙara masa ƙarfi tunda ruwan ne ke ƙonewa. Kuma sananne ne ga masana ruwa cewa ruwa mai zafi, mai zurfi, wanda ya daɗe cikin giranit ko dutsen aman wuta, shi ya fi yawan ɗauko shi, kamar yadda ake fama a Habasha da Kenya da Tanzaniya. Ba wani marmaro nake tuhuma da suna ba. Cewa nake duk ruwa mai wannan siffa shi ya fi cancantar a kai shi ɗakin gwaji kafin a ba yaro.

Haka zancen gishiri da kanwa. Makiyayan da ke kora dabbobi zuwa Ingal a ƙarshen damina don lasar gishiri sun san abin da suke yi: ƴan makonni ne, dabba ta samu abin da ciyawar kudu ba ta ba ta, a juyo. Ba su mayar da ruwan gishirin Tigidda da ke yankin abin shan kullum ba. Ɗan Adam mai hawan jini kuwa gishiri da kanwa ƙarin nauyi ne ga zuciyarsa da ƙodarsa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da haɗuwar kunun kanwa mai yawa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta. Marmaro mai ɗanɗanon kanwa, idan aka haɗa shan sa da daɗewa cikin zafinsa, hanya ɗaya ya bi da wancan.

Ruwan farar ƙasa irin na Adar nasa halin daban ne. Kalsiyam ɗin da ke cikinsa ba abin tsoro ba ne. Shi ke hana sabulu kumfa, shi ke sa wake ya ƙi nuna har sai uwargida ta jefa ƴar kanwa, amma ba shi ne babban mai kawo tsakuwar ƙoda ba kamar yadda ake yawan faɗa. A ƙasa mai zafi irin tamu ƙarancin shan ruwa ya fi kawo ta. Matsalarsa ita ce rashin tacewa. Ruwan da ya bi ta yashi yana tafiya a hankali, yashin na tsare ƙazanta. Wanda ya bi tsagar farar ƙasa kuwa zuruf yake wucewa, don haka kashin dabbobi da na mutane da ruwan sama ya wanke a kan tudu na iya fitowa a idon ruwa cikin ƴan kwanaki, ruwan kuma yana nan garau. Wannan kam tafasawa ko ƙwayar tsabtace ruwa na maganinsa. Sai kuma gurbin da ruwa ya kwanta: dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yana son ruwa mai kalsiyam don da shi yake gina ɓawonsa, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Yaron da ya yi iyo a tabki ko gurbi, bayan wasu makonni aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi likita, maganin na nan kuma ana raba irinsa a makarantu.

Wuraren su ma suna da abin da suke tsoro daga gare mu. A Pamukkale an taɓa gina otal-otal a kan tsaunin, suka janye ruwan zuwa wuraren wankansu, aka shimfiɗa hanyar mota ta ratsa farin dutsen, har ya soma dushewa yana komawa ruwan ƙasa. Sai da aka rushe otal-otal ɗin, aka rufe hanyar, aka hana shiga mafi yawan guraben, aka wajabta cire takalmi, sannan ya fara farfaɗowa. Namu ba su kai nasu girma ba, don haka sun fi saurin lalacewa. Gurbin da garken Buzu ke sha, ya kuma shayar da lambu a ƙasa, omo ɗin wanki ɗaya da ledojin ruwa na ƴan yawon buɗe ido sun isa su ɓata shi. Baƙo ya fara gaida masu wurin ya tambayi inda ake shiga da lokacin maza da na mata, ya yi sabulunsa nesa da idon ruwa, ya koma da sharar da ya zo da ita. A Abzin kada a tafi sai da ɗan jagora na yankin, a kuma tambayi halin hanya da na tsaro tun daga Agadas. Lokacin sanyi ya fi dacewa da tafiyar. Da damina kada a yada zango cikin ƙorama ko da sama tana wasai, domin ruwan da aka yi a kan tsauni nesa yakan iso ba sanarwa. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar da ƙoramar Telwa ta yi musu a farkon Satumban 2009 ba.

Sauran aikin na hukuma ne, kuma ba mai tsada ba ne idan aka gwada da abin da rashinsa ke jawowa. Kowane marmaro da jama'a ke zuwa jinya ko ɗiba, magajin garin yankin da ma'aikatan ruwa na jiha su ɗebi ruwansa sau biyu a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar rani, a auna fulorayid da gishiri da ƙwayoyin cuta. A kafa allo a bakin wurin da Hausa da Tamajak, a boko da ajami da tifinag, wato rubutun Buzaye, a rubuta zafin ruwan, da ko ana sha ko wanka kaɗai, da waɗanda bai kamata su shiga ba. Gidajen rediyon karkara su karanta sakamakon, tunda mafi yawan masu zuwa da bido tsofaffi ne da ba za su karanta allon ba.